Barmo Mai Awon Matsirga Uku

A shekarar da ruwa ya yi wa ƙasar Gobir rowa, ƙasa ta haɗiye wani mahaƙin rijiya na garin Tudun Aduwa, sunansa Barmo. Ranar Laraba ce da hantsi. Yana can gindin sabuwar rijiya, ya yi zurfin gaba talatin da biyu, wato tsawon hannuwan mutum a ware sau talatin da biyu, don da haka mahaƙa ke awo. Ya ɗaga dagi ya soka yana neman danshi, sai dagin ya wuce zuruf kamar an soka shi cikin kabewa. Kafin ya ce innalillahi gindin rijiyar ya ɓurme ya tafi da shi, igiya na ɗaure a ƙugunsa.

Ɗaya bakin igiyar kuwa yana ɗaure a ƙugun yayansa Nomau, wanda ke tsaye a sama, taku goma daga bakin rijiya. Duk mai riƙon igiya a ƙasar nan a jikin gungume yake naɗe ta. Nomau kaɗai ke ɗaura ta a jikinsa, kuma yana da dalili. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce mahaifinsu ya faɗa rijiya ya rasu, Nomau na riƙe da igiya. Barmo ne ya sauka ya ɗauko gawar, ya kuma ga bakin igiyar da idonsa, baƙi ƙirin, ruɓaɓɓe, daidai wurin da shi kansa ya cusa ramar da ta sha damina ranar da yake tufka, saboda yana sauri ya tafi kallon kokawa. Dab da hannun mai riƙo ta tsinke. Ya yanke wurin ya binne a laka. Da aka dawo daga maƙabarta, a gaban mutanen gari, ya dubi yayansa ya ce, "Kai ka sake shi." Nomau ya juya ya shige gida.

Tun ran nan ko sannu ba ta sake shiga tsakaninsu ba. Aiki dai suna yi tare, don ciki ba ya jiran a shirya, amma igiya ce bakinsu: ja ɗaya a sassauta, biyu guga ya cika, uku a fitar da ni. Sau nawa Barmo ya kwanta da niyyar gobe zai faɗi gaskiya, goben kuwa ta ƙi wayewa.

Ya yi ta faɗuwa har ya gaji da ihu. Duhu ya wuce, wani haske ya zo irin na bayan la'asar, ƙara ta cika masa kunne. Sai igiya ta tsayar da shi da ƙarfi har ya ji ƙugunsa zai rabu biyu. Ya buɗe ido yana reto, ya ga kogi sukutum a tsaye. Matsirga ce, inda ruwa ke tsirgowa daga kan dutse, amma ya ɗaga kai bai ga inda ta faro ba, ya sunkuyar bai ga inda ta ƙare ba. Mutumin da ya girma yana lallashin ƙasa ta ba shi cikin ƙoƙo, yau ga ruwa ana zubarwa ba mai tara.

Wani hannu mai sanyi ya cafke shi kamar ɗan tsako, ya ajiye shi a kan wani ɗan leɓen dutse a bayan ruwan, faɗinsa bai fi tabarma ba. Bango a baya, ruwa a gaba, hagu da dama sararin Allah. A nan ya tarar da su uku suna jiransa. Ta farko tsohuwa ce mai jiki kamar hayaƙin ɗanyen itace, yanzu ta kai giginya, an jima ta koma tsawon muciya. Na biyu jikinsa gaɓa bakwai ne, kowace ta ɗan ja baya da 'yar'uwarta. Na uku baƙi ne, ba shi da ido ko ɗaya, yana warin gindin tsohuwar rijiya, warin da Barmo ya sani sarai.

Tsohuwar ta ce, "Aminci gare ka, ya kai ɗan Adam mai haƙar ƙasa. Ni ce Uwar Feshi, wannan ruwa da ke gabanka nawa ne. Wannan Mai Tsani ne, wancan kuma Makahon Ƙarƙashi. Kowannenmu yana da matsirga, kuma duk duniya, ta mutum da ta aljan, babu ta huɗu da za ta tsaya kusa da namu. Shekara dubu huɗu ke nan muna gardamar wacce ta fi tsawo."

Barmo ya ce, "Ranki ya daɗe, to ai sai ku auna. Ni mene ne nawa a ciki? Ni ko rabon faɗan awaki ba a taɓa kira na ba."

Mai Tsani ya amsa, muryarsa na saukowa hawa-hawa. "Mun auna, ya ɗan Adam, sau dubu mun auna. Amma hannun aljani ba shi da amana. In yana auna tasa sai hannun ya tsuke don ƙidaya ta yi yawa. In yana auna ta wani sai ya miƙe har ya wuce gari. Ku ne Allah ya yi wa gaba guda, ba ta ƙaruwa don fahariya, ba ta raguwa don hassada."

"Za ka sauka kowace ɗaya daga kai har gindi," in ji Makaho, maganarsa daga ciki take fitowa. "Ka faɗa mana gaba nawa ce. Wanda ka ba gaskiya zai kai ka gida a kafaɗarsa. Sauran biyun kuwa, sai ka yi fatan kafaɗar ta fi mu sauri."

Uwar Feshi ta hura wa igiyar iska ta ce, "Mun ara mata tsawo, ba za ta ƙare ba. Nauyinka kuwa ba mu da iko da shi, yana kan wanda ya ɗaure ta a jikinsa. Duba nan ka gani."

Ta nuna wani ɗan kwarmi a dutsen inda ruwa ya taru. Barmo ya leƙa, sai ga Tudun Aduwa tar. Ga Nomau ya kafa duga-dugansa a ƙasa, ya jingina baya, jijiyoyin wuyansa sun miƙe. Mutane sun taru, majiya ƙarfi suna kai hannu su taya shi, amma duk wanda ya kama igiyar sai ta zame masa kamar an shafe ta da man shanu.

Hannun Barmo ya kai kan ƙullin ƙugunsa. Ƙulli ne mai sauƙi, ja ɗaya zai warware, Nomau ya huta. Sai ya hango abin da zai biyo baya: Nomau zai jawo igiya ba kowa a bakinta, karo na biyu, a gaban mutanen da suka ji magana ta farko. Wannan karon babu mai buƙatar wani ya furta. In ya kwance ya kashe yayansa a tsaye, in ya bari kuma nauyinsa zai ja shi cikin rami. Rana zafi, inuwa ƙuna. Ya janye hannunsa ya ce, "Mu je, tun yana da sauran ƙarfi."

Aka fara da ta Uwar Feshi. Ya ja igiya sau ɗaya, ta sassauto a hankali, hannu bayan hannu, daidai yadda Nomau ke sakin ta kullum. Ya so ya ƙirga, ya kai ɗari da wani abu, iska ta maka shi da dutse, ƙidaya ta watse. Ruwan da ya faro kamar ginshiƙai ya siranta, ya koma zare, ya koma ƙura mai sanyi. Ya ratsa garken wasu fararen tsuntsaye marasa ƙafa, waɗanda ke sakin ƙwai a iska ya ƙyanƙyashe kafin ya kai ƙasa. Suka ɗauka igiyar maciji ce, suka far mata da sara. Barmo ya yi ta dukansu da hannu da ƙafa yana zaginsu har da kakanninsu, don ya san abin da zare ɗaya ruɓaɓɓe ke yi wa igiya.

Da ƙafarsa ta taɓa ƙasa sai ya ji ta a bushe ƙamas, ta fi ta garinsu tsagewa. Ruwan bai taɓa isowa nan ba, a hanya iska ke shanye shi. Wasu mutane ramammu sun cika filin, wuyansu ya lanƙwashe baya don kallon sama, kowa ya ɗaga ƙwarya bisa kai. Wani tsoho a cikinsu ya ce, "Baƙo, daga sama kake? Da gaske ne akwai ruwa a can? Kakanninmu sun ce yana tafe."

Barmo ya dubi busasshiyar ƙwaryar da ke hannunsa. Ya kwance ƙyallen da ya ɗaure kai da shi ya matse cikin ƙwaryar tsohon, ɗigo uku suka fito. Jama'a suka yi caa a kan ƙwaryar suna kallo, ba wanda ya yi ƙarfin halin sha. Yana cikin jin tausayinsu Mai Tsani ya miƙo hannu ya sure shi ya mayar kan leɓen dutse.

Ya tarar gardama ta riga shi. Uwar Feshi ta ce har ƙasa za a ƙirga mata, Mai Tsani ya ce iyaka inda ruwan ya mutu, don ba a kiran iska matsirga. Barmo bai saurare su ba, kwarmin ruwa ya nufa. A ƙasar aljanu rana ba ta gusa ba, amma a Tudun Aduwa an kwana an tashi. Saura taku bakwai tsakanin Nomau da bakin rijiya. Duga-dugansa sun haƙa layi biyu a ƙasa kamar garma ta wuce, matarsa Cima na ɗura masa ruwa a baki.

Ta Mai Tsani hawa bakwai ce, kowane hawa da tafkinsa. A na farko wasu kadoji masu farar gemu suka tsare shi, suka ce sai ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya da sunan uban kowa, sunan da kowane kada ke faɗa masa sau ɗaya tak. A na biyu ruwan tafasa yake, ya wuce yana ɗaga ƙafa. A na uku ruwan baya yake gudu, sai da ya sauka sau biyu. Duk wannan bai dame shi ba kamar na huɗu. A nan ruwan ya yi tsit, ba ƙara ba motsi, sai wata murya ta fito daga bayan labulen ruwan, muryar da ya sani tun yana goye.

"Barmo."

Ya ce, "Baba?"

"Wa ya tufka igiyar?"

Ya san aikin aljanu ne, ya san matattu ba sa zama a bayan ruwa. Sanin bai hana shi kuka ba. Ya ce, "Ni ne, Baba. Ni na tufka." Muryar ta ce, "Ni ai na riga na wuce. Ba ni za ka gaya wa ba." Ruwa ya koma ƙararsa. Sauran hawa ukun bai san yadda ya sauka ba, bai kuma ƙirga ko gaba ɗaya ba.

A sama Makaho na cewa wannan ai ƙananan matsirga bakwai ce aka jera ake cika baki, Mai Tsani na rantsuwa da abin da aljanu ke rantsuwa da shi. A cikin kwarmi kuwa saura wa Nomau taku uku. Igiya ta ci rigarsa ta shiga nama. Mai gari da liman sun tsaya a kansa, ga wuƙa a hannun mai gari, da alama roƙonsa suke ya bari a yanke. Barmo ba ya jin abin da suke faɗa, amma ya ga Nomau ya girgiza kai sau ɗaya, bai ko dube su ba.

Barmo ya ce, "Ku bar ni in huta, ko yayana ya samu ya numfasa."

Uwar Feshi ta ce, "Zamanka a nan ba ya sauke masa komai, ya ɗan Adam. Ko kana zaune ko kana reto, a ƙugunsa kake."

Matsirgar Makaho ba a ganin ta. A ƙarƙashin wani baƙin tafki take, inda ruwa mai sanyi ke zubowa ta cikin ruwa mai ɗumi ya gangara cikin cikin dutse. Makaho ya sa masa wata tsakuwa a ƙarƙashin harshe don ya yi numfashi, ya tura shi. Babu haske, babu ƙara, sai nauyi a kafaɗa kamar an ɗora masa buhun gero ana ƙarawa. Wasu abubuwa masu santsi suna gogar jikinsa suna wucewa. Ramin ya yi ta tsukewa har ya kai inda ƙirjinsa ya maƙale, ba gaba ba baya, ruwa na danna shi daga sama. Nan ya ji tsoron da bai taɓa ji ba a shekara ashirin na shiga rami. Ya yi abin da mahaifinsu ya koya masa, ya fitar da iskar cikinsa duka har haƙarƙarinsa ya lotsa, ya zame ya wuce, ya bar fatar bayansa a jikin dutse.

Sai igiyar ta sulale. Ba sassautawa ba ce irin ta hannu bayan hannu, zamewa ce, doguwa, ta mutumin da ƙafarsa ta kuɓuce. Barmo ya tafi ƙasa kamar dutse. Can ta tsaya cak, tana rawa. Ya kama ta da hannu biyu, yana jin rawar jikin yayansa tana saukowa ta cikinta har tafin hannunsa. Yatsun ƙafarsa suka taɓa laka. Ya kai gindi.

Da aka mayar da shi kan leɓen dutse bai iya tsayuwa ba, da rarrafe ya kai kwarmin. Taku ya ƙare. Nomau na zaune a bakin rijiya, ya tokare ƙafafunsa biyu da itacen da aka gitta, rabin jikinsa na leƙen rami. Kwana uku ke nan.

Su ukun suka kewaye Barmo, kowa ya kumbura ya ninka girmansa. Mai Tsani ya ce, "Ka sauka uku, ka taɓa gindin uku. Faɗi, ya mai gaba guda. Nawa, nawa, nawa?"

Barmo ya yi tunanin ƙarya, ya ga kowace ƙarya mutum ɗaya za ta faranta wa ta bar masa biyu. Sai ya ga gaskiya ma tana da ƙofa, ya yi murna ya faɗa ta da gudu. Ya ce, "Ranku ya daɗe, kun yi kuskuren kamu. A sana'armu na ƙasa ba ya sanin zurfi. Shi haƙa kawai yake. Na sama ne ke ƙirga igiya tana wucewa ta hannunsa. Ni wallahi ban san ko ɗaya ba, ku sallame ni."

Sai Makaho ya yi dariya, warin laka ya cika wurin. Ya ce, "Ashe na saman ne mai ƙidaya. To ai da sauƙi, a ɗaure yake." Ya miƙa baƙin hannunsa ya kama igiyar zai ja.

Baki shi ke yanka wuya, kuma bakin Barmo wannan ne karo na biyu da ya yanka wuyan mutum ɗaya. Ya yi tsalle ya rungume hannun Makaho, sanyinsa ya ƙone shi har ƙashi, bai saki ba. Ya yi ihu, "Tsaya! Don girman wanda ya halicce ka, tsaya! In kun jawo shi me zai faɗa muku? Mutumin da ya kwana uku ba barci, kuna tsammani ƙidaya yake? Ko ya faɗa, biyu daga cikinku za su ce ƙarya ne, ku sake kamo wani. Ba ni kuke so ba, ba shi kuke so ba. Gaba kuke so wadda ba ta tsukewa. To ga tawa. Ku cire ta ku riƙe, ku auna da kanku har tashin duniya."

Makaho ya saki igiyar a hankali. Uwar Feshi ta sauko ta dawo daidai tsawonsa, ta dube shi ido cikin ido. Ta ce, "Wannan abu ba a ƙwatar sa, sai mai shi ya bayar da bakinsa, shi ya sa ba mu tambaya ba. Ka san abin da ka faɗa, ya ɗan Adam? Hannuwanka ba za su sake warewa ba. Ba dagi, ba garma, ba ɗaukar ɗa a kafaɗa."

Ya sani. Bai iya komai ba a duniya sai haƙa, kuma yana son ta, yana son ƙamshin ƙasa in ta fara danshi. Ya dubi kwarmin, ya ga kan Nomau ya fara langaɓewa. Ya ce, "Na bayar. Ku yi sauri."

Suka tsayar da shi jikin bango, ya ware hannuwansa iyakar warewa. Mai Tsani ya kama ɗan yatsansa na dama, Makaho ya kama na hagu, Uwar Feshi ta sa farce a tsakiyar ƙirjinsa ta zaro wani abu fari, miƙaƙƙe kamar karan dawa, daga wannan yatsa zuwa wancan. Zafin da ya ji bai da abokin kwatance. Hannuwansa suka faɗo, gwiwoyinsu suka manne da haƙarƙarinsa, tafukan suka tsaya a gaban cikinsa.

Kafin ya gama nishi sun manta da shi. Kowa ya kama karan yana cewa tasa za a fara aunawa, suka yi sama suna fizge-fizge. Babu wanda ya yi nasara, saboda haka babu kafaɗar da za ta kai shi gida. Uwar Feshi ce kawai ta waiwayo daga nesa ta ce, "Tsawon da muka ara wa igiyarka mun karɓe."

Igiya ta tsuke, ta fizge shi. Ya ratsa ruwa, ya ratsa haske, ya ratsa duhu, ya tsinci kansa yana reto a gindin rijiyarsa, ƙasa ta rufe a ƙarƙashinsa kamar ba ta taɓa buɗewa ba. Can sama ga ɗan farin da'irar rana. Ya so ya ja igiya sau uku, hannu ya ƙi miƙuwa. Ya sa haƙori ya cije ta, ya fizga, ya fizga, ya fizga.

Ya ji ihu daga sama. Igiya ta koma igiya, hannuwan mutane sun kama ta. Suka fara ja, shi kuma yana laluben matakan da ya sassaƙa da ƙafa, kafaɗarsa na gogar bango. Gaba talatin da biyu hanya ce mai tsawo ga mai neman abin faɗi. Da can yakan ce a ransa, ranar da za su shirya zai miƙa wa Nomau hannu kawai su gaisa, maza ba sa buƙatar dogon zance. Yanzu babu hannun miƙawa.

Suka fito da shi bayan azahar, suka kwantar. Ana ta salati, ana taɓa hannuwansa ana tambaya. Ya miƙe da ƙyar ya ratsa mutane. Nomau na zaune a ƙasa, Cima ta tallafe bayansa, leɓensa ya tsage, tafukansa sun kumbura sun yi jawur. Igiyar na nan a ƙugunsa, ta nutse cikin jini.

Barmo ya durƙusa. Muryarsa ta fito da ƙarfi fiye da yadda ya yi niyya, har na bayan taro suka ji. "Yaya. Ba kai ka saki Baba ba. Igiyar ce ta tsinke. Ni na tufka ta da ruɓaɓɓiyar rama, na gani da idona, na binne. Ƙarya na yi maka a gaban mutanen nan."

Nomau ya dube shi ya motsa baki, maganar na fita da ƙyar. "Na sani."

"Ka sani?"

"Guntun ya rage a hannuna. Na ga ramar."

"To me ya hana ka faɗa, Yaya? Shekara goma sha ɗaya!"

"Shekararka sha tara a lokacin. Da na faɗa, da rijiyar ka bi shi." Ya ja numfashi. "Ni na fi ka ƙashin wuya."

Barmo ya kifa kai yana kuka kamar yaro, ba hannun share hawaye. Nomau ya kai yatsunsa kan ƙullin ƙugunsa zai kwance, yatsun suka ƙi lanƙwasuwa. Mai gari ya matso da wuƙa, Nomau ya girgiza masa kai alamar a'a. Ya dubi ƙanensa ya ce, "Kai fa? Hannun naka ba ya aiki ko kaɗan?"

"Yana yi, amma sai abin da ke dab da jikina."

"To matso."

Barmo ya ja gwiwa ya matsa, ya ƙara matsawa, har goshinsa ya taɓa kafaɗar yayansa, sannan yatsunsa suka kai ga ƙullin. Jini ya bushe a kansa ya yi tauri. Ya daɗe yana fama da shi kafin ya warware.